Furen da Nana Zumra Ba Ta Gani Ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Ragib ya leƙo ta shingenmu ya ce, "Elvedin, tsohuwa ta tafi." Mahaifiyarsa yake nufi, maƙwabciyata Nana Zumra Hasanović. Shekarunta tamanin da ɗaya.

Nana, ban yi nisa a makaranta ba, gyaran rufin gidaje na iya. Amma dole in rubuta wannan, don tun da kika rasu tsoro bai bar ni ba.

Kin tuna shekaru biyu da suka wuce, lokacin da matata Mersiha take da cikin wata bakwai? Kwaɗayin pita, gasasshen burodin nan namu da ake cusa wa ganyen tafarnuwar daji, ya kama ta. Na shiga bayan lambu na tsinko ganye cike da kwando. Na yi yadda kowa yake yi a ƙauyen nan: in murza ganye, in sansana, in ji tafarnuwa, in jefa. Mersiha ta fitar da pita daga tanda, ta ci yanka ɗaya, sai ga ki kin shigo shan kofi. Kika ɗauki ragowar ganyen kika shafa.

Kika ce, "Wane jakin ne ya tsinko wannan?"

Na ce, "Ni ne, Nana. Kowanne sai da na sansana."

"Yatsunka ka sansana, wawa! Tun ganyen farko hannunka yake warin tafarnuwa. Ko takalminka ka murza, abin da za ka ji ke nan."

Kika nuna mini. Tafarnuwar daji kowane ganye da sandarsa. Wannan kuwa biyu-biyu ne a nannaɗe, bayansu yana sheƙi: wani tsiro ne mai fararen furanni kamar ƙararrawa, gubarsa tana taɓa zuciya. Ke kika tura Ragib ya tayar da mota, kika cusa mini ganyen a aljihu kika ce in nuna wa likita. Kwana biyu Mersiha ta yi a asibitin Tuzla. Ba don ke ba, da ta cinye farantin, da ba mu ga 'yarmu Lamija ba.

Bana wani tsiro ya fito a gindin katangarmu, ba wanda ya shuka shi. Ganyensa faɗi, mai gashi-gashi, ga doguwar kara a tsakiya. Lamija kuwa tana yawo ko'ina, komai ta gani sai baki. Na kawo miki ganyen kina kwance ba lafiya. Kika juya shi a tafinki.

"Biyu ne suke kama da wannan, ɗana. Ɗaya ana ɗaure karaya da shi, ɗaya yana kai mutum kabari. Ba zan yi maka cinke ba. In ya buɗe, ka kawo mini furen."

Na kifa masa kwandon waya, na danne da dutse, ina duba shi safe da yamma. Kwana tara ina ƙirga ƙullin furanninsa. Ba ki jira ba.

Shekaranjiya na tarar da kwandon a ture, Lamija a tsugune gabansa. Na buɗe bakinta da yatsa. Babu komai a ciki. Na waiga wajen tagarki don in kira ki, sannan na tuna.

Na ɗauko shebur zan sare tsiron, na kasa. Abu na ƙarshe ke nan da kika ce in kawo miki. Sai na haƙe shi da ƙasarsa. Da izinin Ragib na dasa shi a gefen kabarinki, inda ƙofar maƙabarta take da sakata, yara ba sa shiga. Jiya ƙullin furen da ke ƙasan karar ya fara tsagewa, akwai ɗan ja-ja a ciki. Har yanzu ban san sunansa ba, amma na kawo miki.

Allah Ya jiƙanki, Nana, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ran Lamija da na mahaifiyarta a mizaninki. Ragib, da matarka Fikreta da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka rage muna sansana yatsunmu, Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.