Sunan Mama Rifkatu a Shafi na Uku

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da na kai wa mai unguwa kwafin rahotonmu ba. Litinin ce, tsakiyar damina, a shekarata ta biyu ina jami'in fili a wata 'yar ƙungiyar kare haƙƙin mazauna unguwanni. Jami'in fili shi ne mai shiga lungu ya ji kukan mutane, ya rubuta, ya kai ofis. Ku sababbin shiga, ina so ku ji wannan daga bakina kafin wani ya ba ku shi da gishiri.

An tura ni wani layi a Unguwar Mu'azu inda yara ke ta fama da gudawa. Na kira taro kamar yadda aka koya mana: masu gidaje a kan benci a gaba, 'yan haya a tsaye a baya. Awa biyu muna magana, kowa na cewa ikon Allah ne. Ni kuwa a lokacin ji nake idan na riƙe biro babu abin da zai gagare ni, don haka haushi ya kama ni.

Da aka watse, wata dattijuwa mai soya ƙosai a ƙofar wani gidan haya ta yafito ni. Mama Rifkatu ke nan, shekararta goma sha ɗaya a ɗaki guda, tana riƙe da jikoki biyu. Ta zuba mini ƙosai a takarda, ta rage murya.

"Ɗana, ka daina wahalar da kanka. Duk ranar da ruwan sama ya sauko da ƙarfi, mai gidanmu yakan sa a buɗe ramin shadda ya bi kwata. Kwatar kuma ta gefen rijiyarmu take wucewa."

"Mama, kin gani da idonki?"

"Tagata a kan wurin take."

Na koma ofis da sauri na kai labarin. Shugabar shirinmu, Madam Asabe, ta tuna mini ƙa'ida: duba-gari, wato jami'an tsabta, ba sa motsawa a kan ƙorafin da ba shi da mai shi. "Wa ya faɗa maka? Sa suna," in ji ta. Na sa sunan Mama Rifkatu a shafi na uku, har da sana'arta da ɗakin da take, don kada a ce aikina bai cika ba. Ban koma na tambaye ta ba. Wallahi ko tunanin hakan bai zo mini ba.

Akwai kuma wata al'ada tamu da muke alfahari da ita: duk abin da muka rubuta a kan unguwa, sai mun fara kai wa mai unguwa kwafi, don girmamawa. Na kai. Abin da ban lura da shi ba, mutumin da ke zaune a gefensa a kan tabarma, wanda na durƙusa na gaishe shi, shi ne mai gidan da Mama Rifkatu ke haya a ciki.

Duba-gari suka zo cikin mako biyu. Aka toshe bututun da ke kai ƙazantar kwata, aka sa mai gidan ya kira motar kwasar shadda, aka gyara bakin rijiyar. Gudawa ta lafa. A ofis aka tafa mini, Madam Asabe ta ce in koya wa sauran yadda ake aiki.

Bayan wata guda na koma layin don in ɗauki hoton rijiyar. Babu kasko a ƙofar gidan, sai baƙin tabon murhu a jikin bango. Maƙwabciyar Mama Rifkatu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oga mai biro, an ba ta notis. Wai za a yi wa ɗakin gyara." Ɗakin kuwa har an sa wani.

Sai da na yi kwana uku ina cigiya kafin na same ta a Gonin Gora, a bakin titi, tana suya a tsakanin masu suya shida, ba wanda ya san ta. Jikokin sun bar makarantarsu, ta raɓe a wurin wata 'yar cocinsu. Na fara zuba bayani: ƙa'ida, duba-gari, lauyan da za mu nemo mata. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaya ko yaran layin sun warke. Na ce sun warke.

"To, mun gode Allah," in ji ta. Ta juya ƙosanta. "Amma ɗana, ni kai na faɗa wa. Ban faɗa wa takarda ba."

Lauyan bai iya komai ba, don ba ta da ko takardar yarjejeniyar haya. Daga baya mun canza tsari, ƙorafi ya koma fita da sunan ƙungiya, amma wannan bai mayar mata da ɗakinta ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin mu muna komawa gida bayan taro, wanda ya buɗe baki kuwa a nan zai kwana. Kafin ku rubuta sunan kowa, ku koma ku tambaye shi, ku faɗa masa hannun da takardar za ta shiga. Ni tafiyar minti ashirin ce a keke mai ƙafa uku ta raba ni da ƙofarta, ban yi ba.