Ƙusa Biyu a Fangalin Albasa

Shekarar da aka kai mu bita jami'ar garin nan, aka koya mana haɗa na'urori masu jin zafi da haske da danshi, na dawo makarantarmu ta Sabon Gari kaina na rawa. Shekara da shekaru ina koyar da fasaha da alli kawai, in zana guduma a allo yara su kwafa. Ranar da na ga fitila ta kama da abin da hannuna ya haɗa, wallahi ji na yi babu injiniya kamata daga Wudil har Kano.

Abin da muka haɗa da 'yan aji uku ba mai wuya ba ne: ƙusa biyu 'yan inci shida, waya, batir, da 'yar jar fitila. A soka ƙusoshin a ƙasa. In da danshi fitila ba za ta kama ba, in ƙasa ta bushe sai ta kama, wato a zo a ba da ruwa. Muka gwada a bokitin fenti da muka cika da rairayin filin makaranta, ta yi aiki ba gardama.

Na ce saura gona. Wata ɗaliba mai zama layin gaba, ba ta cika magana ba, ta ce mahaifinta na noman rani a bakin kogi. Washegari ta zo da amsa: ya ba mu fangali ɗaya da irin albasa ya fara tsirowa. Na ba ta na'ura, na kafa doka: kada a ba fangalin ruwa sai fitila ta kama, kuma kullum ta rubuta abin da ta gani.

Bayan kwana huɗu ta kawo littafinta. Ta rubuta: "Fitila ba ta kama ba. Baba ya tsoma yatsa, ya ce ƙasa na jin ƙishirwa."

Ni mutum ne mai saurin hawa, ga shi na riga na cika wa shugaban makaranta baki. Maimakon in tambaye ta, sai na ɗaga littafin na karanta wa aji da ƙarfi.

"To, 'yan aji, kun ji," na ce. "Mu tattara wayoyinmu mu zubar, tunda an samu yatsan da ya fi kimiyya. Ko za ki roƙar mana baba ya ara mana yatsan mu kai gasa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri." Na ja jan biro a kan rubutunta, na ce ta gaya wa baba dokar na nan.

Daga ranar, layi ɗaya take rubutawa: "Fitila ba ta kama ba." Ni kuwa sakarai na ɗauka nasara ce, wai muna tattalin ruwa.

Ranar Asabar na hau babur na tafi ɗaukar hoto. Fadama kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Tun daga nesa na gane namu, don shi kaɗai ne fari fat a tsakiyar kore. Irin ya kwanta ya bushe kamar zare. Na durƙusa na zare ƙusoshin, sai ga tsininsu da jiƙaƙƙiyar laka. Nan take na gane. Rairayin bokiti tare yake bushewa sama da ƙasa, ita kuwa lakar fadama tana riƙe ruwa a can ciki. Ƙusoshina can suke jin danshi, saiwar irin kuwa ba ta wuce gaɓar yatsa ba. Daidai inda tsohon ya tsoma nasa ke nan.

Ya iso da fartanya a kafaɗa, ya sauke ta, ya ba ni hannu biyu.

"Malam, barka da zuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya fama da yara? Allah ya saka da alheri."

Na amsa masa. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Baba, ka san ƙasar ta bushe. Ga ruwa na bi ta gefen fangalin. Me ya hana ka buɗe masa?"

"Na sani mana," ya ce. "Sau biyu ina ɗaga fartanya zan fasa masa hanya. To amma yarinyar na tsaye, kuma ta ce malaminta ya hana. In na fasa, na koya mata maganar malami ba a bakin komai take ba. Iri kuwa ana sake yafawa."

Ana sake yafawa, gaskiya ne, amma lokacin dashe ba ya jiran kowa, kuma shi ya fi ni sanin haka. Na ce zan sayo masa wani irin. Ya ce subhanallahi, kada in sake faɗa. Na rasa inda zan sa idona. Mutumin da na sa yara arba'in suka yi wa yatsansa dariya, shi ne ya bar shukarsa ta mutu don kada 'yarsa ta raina ni. Ban sani ba ko ta gaya masa abin da na faɗa a aji. Har yau ban iya tambaya ba.

Ranar Litinin na ba ta haƙuri a gaban aji, muka gajarce ƙusoshin. Yanzu duk abin da za mu haɗa, sai na tura yara su tambayi mai aikin tukuna. Wannan duk bai rage mini kunyar abin da na gani da zan bar gonar ran Asabar ɗin ba.

Na sunkuya zan ɗauki na'urar, sai na lura an kafa mata 'yan kara huɗu, an ɗora ciyawa a kai, an yi mata rumfa.

"Saboda rana," in ji tsohon. "Duba ta da kyau, Malam. Kayanka ko ƙwarzane bai yi ba."