Kujerar da Aka Ware Mini Kusa da Ƙofa

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi da ke Kurudu, ni yarinya ce marar magana. Na san fankar da ke ƙara a ajinmu, na san malamin da ke goge allo da gefen hannunsa, amma da an kira sunana in ba da amsa sai numfashina ya sarƙe. Ƙawata ɗaya ce, wadda muke benci ɗaya, 'yar wani mai shagon atamfa a Karu. Takan kira ni Hajiya Shiru, ta ɓoye mini biro, ta yi ta zungurina da gwiwar hannu har sai na yi dariya.

Wani hutu aka tura malamanmu horo kan kula da yara irina. Da aka dawo, malamar ajinmu, mace mai kirki wallahi, ta tsayar da ni gaban aji ta dafa kafaɗata. Ta ce wa 'yan ajin ina da ciwon fargaba, duk wanda ya dame ni zai gamu da ita. Ta sa aka ajiye mini kujera ni kaɗai kusa da ƙofa, wai in riƙa fita shan iska duk sanda na so.

Ba wanda ya sake damuna, ba kuma wanda ya sake kula ni. In na doso sai a rage murya kamar an shiga ɗakin majinyaci. Ranar da ƙawata ta manta ta ja mini hijabi da wasa, malama ta sa ta durƙusa a rana, tana tambayarta ko so take ta kashe 'yar mutane. Ina kallo ta taga, bakina ya ƙi buɗuwa in ce wasa ne. Yanzu muna babbar sakandare, in mun haɗu da ƙawar tawa sai ta ce mini sannu, ta wuce.

Ban riƙe malamar a zuciya ba, iya abin da ta fahimta ta yi. Amma malamai, don Allah, kafin ku taimaki yaro ku ja shi gefe ku ji abin da yake so, ku kuma rufa masa asiri. Ni ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya, ko da kai ne zan girgiza, da ba a raba ni da ƙawata ba.