Yaya Idi da harafin ƙ

Ku da kuka taɓa shiga buron Yaya Idi, wato ofishinsa, a Gazawa, kun ga ɓeran ordinatarsa, wato kwamfuta, rataye a ƙusa ta wutsiya. Shekara da shekaru bai taɓa shi ba! Allon baƙi ƙirin, haruffa kore, yatsu goma a kan madannai. In ka ce me ya sa, sai ya ce, "Ni malamin lakol ne, ba mage ba."

Ni ƙaninsa ne, ni ya fi wahalarwa da bayani. Manhajar da yake rubutu da ita tana da wata dabara: ka ce mata nemo mini harafi kaza a layi, ta yi tsalle ta dira kansa, kuma ta riƙe harafin a ranta, da gefen da ka nufa, gaba ko baya. Haka yake farautar ƙ da ɗ da ɓ a littafin karatun yara da yake shiryawa tun da ya yi ritaya.

Kun san abin da ya haɗa shi da lanƙwasar haruffan nan. Mutanen wani ƙauye wajen Gangara suka sa aka buga musu takarda a wani wuri, suna roƙon a ƙare musu ginin lakol, wato makaranta. Mai bugawa ya manta lanƙwasar ƙ, ta koma "a kare". Sai aka turo musu mai gadi da sanda, aji kuwa ba rufi har damina ta wuce. Yaya ya yi rantsuwa a gaban jama'a: harafi ba zai sake tsiraita a Gazawa ba yana raye.

Sai ya rubuta wa manhajar ɗan umarni mai gyara haruffa da kansa. To, fa! Duk sa'ad da umarnin ya yi aiki, sai ta mance abin da Yaya ke nema, ta kama neman k.

"Lawali, zo ka ga cin amana! Na aike ta ƙ, ta komo mini da k!"

"Yaya, ka sake danna mata mana. Daƙiƙa ɗaya ce."

"Ni zan tuna mata? Wa ke aiki ƙarƙashin wani?"

Ya zauna ya rubuta wa masu ƙera manhajar wasiƙa da Faransanci mai zafi. Ya ce su ba umarninsa dama ya tambaye ta wane harafi take nema, ta wane gefe, ya ajiye, in ya gama ya mayar mata da abinta. Na ce, "Mutanen nan sun san da zamanka?" Ya ce, "Yau za su sani." Da rana tsaka ya hau tsani bisa soro neman rezon waya don ya aika wasiƙar, babbar riga na kaɗawa, Inna Hajo matarsa tana ƙasa tana salati.

Bayan kwana uku amsa ta zo: abin yana nan cikin sabon zubi, ya sabunta kawai. Ya zagaye kasuwa yana cewa sun ji tsoronsa. Na ce, "Yaya, sun ce fa ya yi shekaru da fitowa."

"Ka gani? Tun ban yi magana ba suka tsorata!"

Wani sufeton lakol kuma ya zo ya ce a daina ɓata lokaci da lanƙwasa, mai karatu zai gane. Yaya ya ce to, ranka ya daɗe. Ranar taron malamai ya buga masa takardar maraba da manyan baƙi: SUFETO MAI KISHIN KASA. Wani malami ya ɗaga hannu ya ce, "Wace kasa? Macijiyar nan mai cizo?" Sufeto da kansa ya ciro biro ya lanƙwasa ta.

Da ciwo ya kwantar da shi, shafi huɗu suka rage a littafin. Ya ƙi yarda in buga masa. Na ɗora madannan bisa cinyarsa, na tallafe bayansa, ya gama da hannunsa yana haki.

Bara na wuce ta wani lakol a Cadakori, na ji yara suna karanta shafin nan na ƙarshe da ƙarfi. Sai da na tsayar da moto. Allah ka yafe wa Yaya Idi kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka sada mu da shi cikin rahama. Amin.