Dardumar Ajami da Baba Ya Wanke

Lokacin sanyi, a saman benen gidanmu na unguwar Harra ta Gabas a Madina muke hira. Bayan isha'i Hajja, kakata ta wajen uba, za ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ba ta buɗe tatsuniya sai ta tsokane ni tukuna. "Maigida, ka yi cefane, ko yau ma bakinka kaɗai ka kawo? To ga ta nan, ku riƙe ta da kyau kada ta tsere."

Akwai ranar da ba ta tsokani kowa ba. Baba wankin kafet yake yi a shagon wani Balarabe a Aziziya, kuma Balaraben ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannunsa take. Aka kawo darduma 'yar Iran, saƙar hannu, wadda a nan ake ce wa Ajami. Baba ya saba da kafet ɗin inji, ka sheƙa masa ruwan zafi da garin sabulu ka dirje, ko gezau. Haka ya yi wa wannan. Jan gefe ya tashi ya malala cikin farin tsakiya, furanni suka koma tabo. Kafili ya ce Baba ya je ya same shi a gida. Har mu yara mun san kalmar da ake tsoro: huruj, fita ba dawowa. Baba kuwa a Madina aka haife shi, Kano a bakin mutane kawai yake jin ta.

Umma tana ƙasa tana kuka. Hajja ta tara mu, ta ce mu zauna.

Ta yi aiki a gidan wasu dillalan darduma tun tana budurwa, can ta ji yadda ake saƙar. Ta ce a ƙasar Farisa an yi wata yarinya masaƙiya. Ita ba ta san zanen da take saƙawa ba, zanen yana kan ubanta. Shi yake zama gefe yana rera mata kamar waƙa: "Ja biyu, tsallake ɗaya, shuɗi a kan shuɗi." Ita kuma ta ƙulla zare, ta yanke da ƙaramar wuƙa, in layi ya cika ta buga da matajin ƙarfe. A haka lambu ya soma fitowa, da itatuwa da rafi. An kai rabi, sai dogaran sarki suka shigo suka tafi da uban. Kalmar ƙarshe da ta fita bakinsa ita ce "ja".

"Sai ta ci gaba da ƙulla ja," in ji Hajja. "Ja, ja, layi bayan layi. Maƙwabta suka ce ta ɓata lambun, ta tsaya mana. Ta ce in ta tsaya, ta yarda ke nan ba zai dawo ba."

"Wa ba'aden?" in ji ƙanwata, wato sai me ya faru, da yake ita da Larabci take amsawa.

"Tana nan tana ƙullawa."

Idon Hajja yana kan matakala. Muka yi ta naci har gawayi ya yi toka. Can sai ga Baba. Ya cire takalmi, ya durƙusa gabanta.

"Hajja, na roƙe shi har na sumbaci kansa. Ya ce huruj."

Baba ɗan farinta ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ranar ta kama wuyan rigarsa ta ce, "Hamza." Tsoron da na ji bai taɓa sakina ba.

Da ina yaro na ɗauka yarinyar nan wawuya ce, kuma na ji haushin tatsuniya marar ƙarshe. Sai daga baya na gane Hajja ba ta da ƙarshen da za ta ba mu. An fitar da Baba zuwa Kano, mu kuma muka zauna a kan iƙamar Umma. Kullum bayan isha'i Hajja takan zuba shayi a kofin Baba ta ajiye gefe ya huce, Umma ta yi magana har ta gaji. Haka Hajja ta yi ta yi har muka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Baba yana Kano, ya tsufa, idonsa ya soma rauni. Bana ma na yi ta faɗi-tashin nema masa hanyar zuwa ko da Umra ce, abin bai yiwu ba. Kofin yana wurina yanzu, kuma ni nake zubawa.