Zayyanu da Motarsa Mai Kukan Injin Niƙa

Duk wanda ya zauna a garin Isa ya san Zayyanu mai gyaran babura, ko bai san sunansa ba ya san rumfarsa, wadda ke jingine da katangar gidansa, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ciyawa ta yi fushi da ita. Mutumin Gatawa ne. Ubansa maƙeri, shi ma da zuga-zugi ya buɗe ido, amma tun yana saurayi ya ce ƙirar fartanya ta ishe shi, ya gudu Sabon Birni wurin wani bakanike. Aka yi ta faɗa a kan haka, da aka gaji aka sa masa albarka. Ya fito da sana'a a hannu, da kunnen da ya fi hannun. 'Yan kabu-kabu sukan ce tun babur yana kwanar kasuwa Zayyanu yake sanin ciwonsa. Kun san bakin 'yan kabu-kabu, amma ba duka ne ƙari ba.

Matarsa Basira 'yar wani ƙauye ce can bayan Turba. Mace ce mai baki, irin wadda ba a rasa sanin tana gida. Yana aiki a rumfa tana jefo masa magana ta saman katanga, ta ce ya wanke hannu kafin ya taɓa mata ƙwarya, ta ce babur ɗin da yake wa kuka haka ko shi ya haife shi. Masu jiran gyara su yi ta dariya, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, alhali daɗi yake ji.

Wata shekara da kaka Basira ta tafi gaida mahaifiyarta, Inna Habi, 'yan bindiga suka tare hanya suka tafi da ita daji a kan babura tare da wasu mata. Ba zan tsaya kan abin da aka sayar da wanda aka roƙa kafin a karɓo ta ba, kowane gida a ƙasar nan yana da irin wannan labarin. Sai da sanyi ya wuce aka shiga zafi sannan ta dawo. Ƙafafun da suka kumbura suka saɓe, ramar ta cike, ta koma girki da wanki. Baƙo zai ce lafiyarta lau.

Amma da zarar an tayar da babur a rumfa, sai ka ji abu ya faɗi a cikin gida. Zayyanu ya shiga ya same ta a bayan randa, ta dunƙule, ta toshe bakinta da tafin hannu kamar mai tsoron kada numfashinta ya tona ta. Ba ta kuka, ba ta ihu. In ya yi magana ba ta ganinsa. Maƙwabta suka ce iska ce, a kawo masu ruƙiyya. Ni dai na ce aljanin da ya taɓa Basira da takalmi yake yawo, da waya a aljihu, amma wa ya tambaye ni? Aka yi tofi, aka sha rubutu, Allah ya ba da lada, babur dai bai daina zama babur ba.

Ya gwada tura baburan mutane har bakin gari kafin ya tayar. Mai babur kuwa sauri yake yi, ba zai biyo ka yana tafiyar ƙasa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sauya wuri. Ranar da ya ga shi kansa gabansa yana faɗuwa in ya ɗora ƙafa a kan kik, ya tattara sifanunsa ya ce ya bar gyaran babur. Ya koma waldar ƙofofi da tagogi, da gyaran injunan niƙa in an samu. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, don abin da ya iya ke nan a duniya, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Inna Habi. Tun da aka sako Basira uwa da 'ya ba su haɗu ba. Tsohuwa ƙafa ta mutu, ido yana tafiya, ba ta iya zaman babur. Hanyar ƙauyensu kuwa da rani rairayi, da damina laka da rafi, mota ba ta shiga. A da akwai amalanken shanu, yanzu wa zai fito da sa a wannan hanya, in ma an bar masa shi? Babur kaɗai ke zuwa, Basira kuma ko ƙofar gida ba ta leƙawa saboda shi. Duk zuwan da ƙanenta Hafizullahi zai yi cin kasuwa, saƙo ɗaya yake kawowa.

"Inna ta ce a kai mata ɗiyarta ta taɓa ta da hannu. Ta ce muryar waya ba mutum ba ce."

Basira ta sunkuyar da kai, Zayyanu ya ce in sha Allahu, Hafizullahi ya koma. Kowane zuwa kuma sai ya ƙara da cewa jikin tsohuwa ya ƙara yin ƙasa.

Wata hantsi aka kawo masa injin niƙa, tsohon mai shan gas, irin wanda ake juya wa hannu. Ya gama gyara, ya manta kansa ya juya, injin ya kama, tuf, tuf, tuf. Sai a lokacin ya tuna. Ya tsaya cak yana jiran ya ji abu ya faɗi a cikin gida. Shiru. Can sai muryar Basira ta tsallako katanga.

"Injin wa a wannan? In ya gyaru ka ce mishi ina da dawa."

Rabonsa da jin magana ta saman katangar nan tun kafin a tafi da ita. Ya zauna a kan wani tsohon taya, ya bar injin yana ta ci har mai shi ya fara ƙorafin mansa. Kafin la'asar ya saye injin.

Daga nan rumfar Zayyanu ta zama wurin kallo. Ya bi 'yan gwangwan ya samo ƙashin wata matacciyar a-kori-kura, ya yanke shi ya rage tsawo, ya bar giya da ƙafafun baya. Injin niƙa ya zauna a can baya, bel biyu suna kai ƙarfinsa ga giya. Tun da injin ba shi da lagireto, ya ɗaura masa rabin duro na ruwa, in ya tafasa a ƙara. Ya ɗaga gindin motar sama har akuya tana wucewa ta ƙarƙashi ba ta sunkuya ba, don kada ta zauna a laka. Tayoyi ya nemo masu faɗi, ya rage musu iska saboda rairayi, ya kewaye na baya da guntayen sarƙa. Salansar injin kuwa bai taɓa ta ba. Wani ya ce ya sa mata ta mota ta rage ƙara, ya ce ai ƙarar ya saya.

Gwajin farko da baya ta tafi, ta rushe masa ƙafar rumfa. Na biyu bel ya tsinke ya tashi sama, ya sauka a kan tiren mai goro. Masu zaman kashe wando suka raɗa mata suna Niƙau, suna tambaya ko in an hau ta ana sauka gari ne ko tsaki. Zayyanu ya ci gaba da aikinsa. Da ma ɗan maƙeri ne, ya san ƙarfe ba ya jin magana sai ya sha wuta, ya yi ta yanka yana sake liƙawa har damina ta kankama.

Da ta fara tafiya sosai ya ce sai ya gwada ta a hanyar gaske kafin ya ɗora mata rai. Ya fita shi kaɗai da safe. Ta ci rairayi, ta ci laka, ta tsallaka rafi ruwa yana dukan cikinta, ba ta fi saurin mai keke ba amma ba ta tsaya ba. Hanyar ta ratsa wani ƙauye da mutanensa suka watse. Ya san garin, ya sha gyara babura a gindin tsamiyarsu. Yanzu ciyawa ta kai ƙugu a bakin zauruka, rumbuna a buɗe, kabewa ta haye rufin masallaci tana ta 'ya'ya ba mai tsinka. Ƙarar injin tana dukan katangu tana dawo masa, har ya riƙa jin kamar wani injin ne ke amsawa daga cikin gari. Ya kashe don ya saurara, nan take ya yi nadama, domin Niƙau ba ta tashi sai ka sunkuya ka juya mata hannu, ka ba daji baya. Ya juya yana jin idanu a ƙeyarsa, bai waiwaya ba har ya fita. Ya ce bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba abin da ya gani.

Ya dawo ya shimfiɗa katifa a kan kujerar da ya yi wa Basira a bayan tasa, ya yi mata rumfar tamfol. Suka sa rana. Da safiyar ta yi wanka ta sa hijabi, ta ɗaure ƙullin tsaraba, ta taka har zaure da ƙafarta. Injin yana ci a waje. Ta leƙa, ta dubi motar sama da ƙasa har ta ɗan yi murmushi. Sai idonta ya faɗa kan kujerar, murmushin ya ɗauke, ta ja da baya ta dafa bango.

"Mi na ne kuma, Basira? Ko ƙarar ce?"

"Ba ƙarar ba ce." Ta nuna kujerar. "Nan za ni zamna? Bayanka?"

"Awo, nan ya hi inuwa."

"Ban iyawa. Yini guda nit tahi ina kallon bayan mutum, hancina cikin rigarshi. Har yau in na ruhe ido ita ni ka gani. Ban iya zama bayan kowa, Malam, ko kai ne."

Zayyanu ya tsaya da tsumman mai a hannu. Sai yanzu ya gane abin da ya sa tun dawowarta in ya tayar da salla a gida ba ta bin sa, sai ta jira ya idar ta yi tata. Ya ɗauka ƙarfin jiki ne ba ta da shi. Shi da ake cewa yana jin ciwon babur tun daga kwanar kasuwa, wata da watanni yana kwana ɗaki ɗaya da wannan bai ji ba. Kunya ta kama shi, da tausayi mai zafi.

Ya kashe injin, ya jawo janareto, ya yanke kujerar daga inda take. Ya liƙa ta a can gaba, ƙasa-ƙasa a kan ƙafafun gaba, ya yi mata matakin ƙafa da ƙarfen riƙewa, yadda zai riƙa hango hanya ta saman kanta. Motar ta ƙara muni, masu raɗa suna suka samu abin faɗa. Washegari Basira ta fito ta zauna, ba kowa a gabanta sai hanya.

Haka suka tafi, shi yana kallon bayanta. Bai san ko kuka take yi ko addu'a ba, kafaɗunta kawai yake gani, suna ɗagawa in an shiga rami. Sau ɗaya wasu 'yan kasuwa suka wuce su a kan babura da buhunan albasa, ta damƙe ƙarfen har jijiyoyin hannunta suka tashi, Zayyanu ya ƙara wa injin wuta don ya danne ƙararsu. Ba ta ce a koma ba. Suka tsaya sau biyu ya ƙara ruwa a duro, bai kashe injin ba ko sau ɗaya.

Rana ta take tsaka suka shiga ƙauyen. Mai niƙan garin ya daɗe da yin hijira, don haka mata suka riƙa fitowa da kwanonin gero da dawa a ka, suna murna, suka yi turus da suka ga abin da ke ƙarar da wadda ke zaune a gabansa. Wata ta saki kwano ta rungume Basira. Ita kuwa ƙofar gidansu take kallo. Kowa ya fito, ƙofar nan kaɗai ba kowa, ga wata tsohuwar tabarma a shimfiɗe a bakinta ba mai zama. Ta ce a ranta an makara.

Ta shiga da gudu, Zayyanu ya tsuguna a bakin ɗaki kamar yadda suruki ke yi. Inna Habi tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta ƙanƙance har zanen ya fi ta yawa. Basira ta durƙusa ta ce, "Inna." Tsohuwa ta juyo a hankali, ta miƙo hannu tana lalube, ta sami goshi, ta sami kunci, ta bi tsagar fuskar da ɗan yatsa har ƙarshe, ta sake bi.

"Ke ce? Da mi kin ka zo, ban ji mashin ba?"

"Da mota, Inna. Malam yay yi ta da hannunshi."

Hannun Inna Habi bai bar fuskar ba, ta ce:

"Dut mashin da ya shigo garin ga, mutane su sheƙa daji, ni in ja gindi in tahi ƙohwa, in ce ko ke ce an ka kawo mini. Sun yi ta yi mini hwaɗa, ban bari ba. Yau ɗai nik ƙi tashi. Na ce mai niƙa ne, mi za ni kai mishi, ni da ba ni da wanda za ni tuƙa ma tuwo."