Ƙarfe Mai Kujera a Gonar Tudu

Wautar da na fi ji da ita a rayuwata, da ƙafata na je Tanut na zaɓo ta, kuma a farke nake.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai aka kawo ƙarafan noma da shanu ke ja. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya fara samu a garinmu, kusa da Falanko. Nashi mai ƙafa biyu ne, da kujera a sama. Gonarsa a kwari take, shimfiɗe kamar faifai. Tawa, wadda na gada, tana bisa tudun yashi, daidai kansa. Ina tura hauyar tsaye, gumi na shiga mini ido, shi kuwa yana zaune da malfa, yana wucewa tsakanin layukan hatsi, har da waƙa. In ya ɗago sai ya ce, "Taubashi, sannu da tsayuwa!" Wallahi tuwo ya daina mini daɗi.

Da damina ta kewayo na tafi biron noma, wato ofishin aikin gona na Tanut. Malamin gona ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mara nauyi, wanda jaki ɗaya ke ja, mutum na bin sa a ƙasa. Ban ko dube shi ba.

"Malam, gonarka kwari ce ko tudu?"

"Kwari ce, mushe," na ce masa da ɗan Faransancina. "Ko ƙwai ka aje ba ya gangarawa."

Na zaɓi mai kujera, wanda ya fi na taubashina faɗi. Matata ta kewaya shi sau biyu, ta ce, "Maigida, wannan zai hau tudunmu?" Na ce ta koma wajen turminta. Rumbunmu a lokacin saura kaɗan a ga ƙasansa, hatsin tudun nan muke jira mu da yara.

Hatsi ya kai tsawon taƙi, ciyawa ta taso, na ɗaura bijimaina. A hawa, suka kafe, suna nishi. A gangara, ƙarfen ya bugi agararsu suka zabura. Sai na bi tudun a gicciye. Ƙafar ƙarfen da ke ƙasa ta nutse cikin yashi, ƙarfen ya karkace, ya riƙa zamewa, wuƙaƙensa suka bar ciyawa suka bi hatsi suna shebewa tas. Ni kuwa ina maƙale a kujera da rabin ɗuwawu.

Mai hankali da ya sauka tun a layi na biyu. Amma na hango malfar taubashina a kwari, ta juyo wajena. Na gyara zama, na ɗaga masa hannu, na ja waƙa. Kwana uku na yi ina aske hatsina saboda malfar nan. Da na koma ga hauya, ciyawa ta riga ta shaƙe abin da ya rage.

A kaka ko rabin rumbu ban cika ba. Wata safiya taubashina ya shigo da jakai biyu, ya sauke dammunan hatsi a tsakar gida, ya gaisa da matata. Na so in ce ya kwashe abinsa, amma yara na kallon dammunan. Ya leƙa bayan danga inda na jingine ƙarfen, kaji sun hau kujerar.

"Taubashi," ya ce, "da ka faɗa mini zama kake so, ai da na aro maka tabarma."